Bashin Ogbomosho

'Yan uwana ma'abota karatu, yau ban zo muku da ƙagaggen labari ba. Wani al'amari ne ya taso a gidanmu a Matazu, ya hana ni sakat kusan wata biyu ke nan, shi ne na ga bari in zauna in rubuta shi, ko na samu sauƙin abin da ke cikin raina.

Mahaifina tsohon direban babbar mota ne. Da yaron mota ya fara a tashar Funtuwa, tun ba a haife ni ba, har Allah Ya sa aka damƙa masa wata Roka mai bodin katako. Ya fi shekara ashirin yana lodin hatsi, wani lokaci shanu, daga kasuwannin ƙasar Funtuwa da Malumfashi zuwa Badun da Ikko, ya juyo da goro da manja. Yanzu tsufa ya zo, yanar ido ta rage masa gani, duniyarsa ta koma tsakanin zaure da masallaci da gonar bayan gari.

Wani dare bayan an gama yankan dawa, na dawo daga sallar isha'i na same shi a zaure shi kaɗai, rediyonsa a kashe, abin da ba ya yi. Ya ce, "Kai, zo nan ka zamna. Mi ka sani game da Ogbomosho?"

Na ce, "Baba, ban taɓa zuwa ba, sai dai labarin mangwaronsu da nake ji."

Ya yi shiru jim kaɗan, sannan ya ce, "To ana bi na bashi a can."

Ga yadda abin ya faru. A watan Afrilun 1984 gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta canza launin takardun naira, ta rufe iyakokin ƙasa, ta ba mutane 'yan kwanaki su kai tsofaffin kuɗinsu banki. Baba yana kan hanyar dawowa daga Ikko a daidai wannan ruɗani, sai giyar motarsa ta watse a Ogbomosho. Kuɗin da ke aljihunsa tsofaffi ne, babu mai karɓa, bankuna kuwa layi har bakin titi. Wani bakanike Bayarabe, musulmi, da ke da gareji kusa da Sabo, shi ya sauke giyar, ya sayo kayan gyara da kuɗinsa, ya ciyar da Baba da yaron motarsa kwana huɗu. Da aka yi lissafi ya kama naira 140. Mutumin ya ce, je ka, in ka sake biyowa ka kawo.

Da Baba ya iso gida sai mai motar ya mayar da shi hanyar gabas, ya yi ta jigilar Anacha fiye da shekara. Da ya koma hanyar Ikko kuma, yau ya wuce garin da tsakar dare, gobe yana ɗauke da shanun da ba a tsayawa da su, sau ɗaya ya tsaya ya iske garejin a rufe. A haka, yau da gobe, har ya ajiye tuƙi. Ya ce da ni, "Kada ka ce mantuwa na yi. Sakaci ne. Shekara arba'in da ɗoriya ina tuna mutumin nan duk lokacin da aka tsayar da gawa liman ya tambayi ko akwai mai bin ta bashi."

Ni ɗan zamani, amsar da ta fara zuwa bakina ita ce a tura kuɗin ta waya. Baba ya yi dariya ya ce a tura wa wa? Ba shi da lambar kowa, cikakken sunan mutumin ma bai riƙe ba, sai laƙabin da direbobi ke kiran sa da shi. Abin da ya sani shi ne wurin: gareji a hannun dama in ka fito daga Badun, da ɗan masallaci a gefensa, da bishiyoyin mangwaro a baya. Ya ce zai je da ƙafarsa, in mutumin na raye ya nemi gafararsa, in ya rasu ya nemi 'ya'yansa. Kuma ni zan kai shi.

Sai maganar abin da za a biya. Naira 140 yau ko burodin kirki ba za ta saya ba. Amma a 1984 naira ta fi dalar Amurka daraja a farashin gwamnati, litar fetur kuma kwabo 20 ce, ka ga kuɗin nan sun isa sayen lita 700 ke nan. Baba ya ce shi ba zai yi wa Allah wayo ba. Ya sa aka sayar da ɗan bijimin da ya yi shekara biyu yana kiwo, ya kuma ware buhu biyu na wake daga amfanin gonarsa na bana, ya ce a kudu waken arewa abin girmamawa ne.

Tun daga ranar na duƙufa shirin tafiya. Ƙanena ya yarda ya ba da Sharon ɗinsa, ya kuma ce shi zai riƙa karɓa ta tuƙi. Na sayi sabon littafin rubutu mai shafi arba'in, na buɗe taswirar waya, nakan zauna da Baba bayan la'asar ina karanto masa sunayen garuruwa yana ba ni labarinsu. Nan na gane taswira biyu ce a gabanmu. Tawa ta kilomita ce da litar mai da labaran da na ji a rediyo. Tasa kuwa ta mutane ce: mai shayin da ke dafa masa ƙwai a wuri kaza, mai facin da ba ya cuta a wuri kaza, rafin da suke tsayawa su yi wanka, masallacin da ake barin baƙo ya kwana. Da yawa daga cikin mutanen nan ƙasa ta rufe idonsu, amma shi a ransa suna nan zaune bakin titi suna jiran sa.

Farkon hanyar babu gardama. Daga Matazu mu bi ta Musawa mu faɗa Malumfashi, mu wuce Bakori mu shiga Funtuwa. Wannan ƙasarmu ce, ƙasar auduga da masara da dawa da waken suya, in ka biyo ta da kaka sai ka ga buhuna jibge bakin titi kamar ganuwa. Baba yana so mu tsaya a Funtuwa ya ga tsohuwar tasharsu, da layin dogon da ya taso daga Zariya ya wuce Gusau har Ƙauran Namoda, wanda a da shi ke kwashe audugar yankin. Na faɗa masa a 2024 an buɗe tashar kaya ta kan tudu a garin, irin ta bakin teku amma babu ruwa. Ya ce wannan kam sai ya taɓa da hannunsa zai yarda.

A Funtuwa ne taswirorin namu suka rabu. Hanyar Baba ita ce wadda manyan motoci suka saba bi tun tale-tale: daga Funtuwa ka yanki daji zuwa Birnin Gwari, ka bi Pandogari da Kagara da Tegina, ka sauka Makwa, ka haye kogin Kwara a Jabba, sai Ilori, sai Ogbomosho. Ita ce mafi kusa, ita ce kuma ya haddace kamar tafin hannunsa. Ni ma, in faɗi gaskiya, raina ya biya da ita, domin Kagara ce mahaifar Alhaji Abubakar Imam, a can aka haife shi a 1911, kuma duk mai son karatun Hausa zai so ya taka ƙasar da ta fitar da shi.

To amma Kagarar nan ce aka shiga makarantar kwana aka kwashi ɗalibai a watan Fabrairun 2021, a ƙarshen watan Mayun wannan shekarar kuma aka kwashi yara 'yan Islamiyya fiye da ɗari a Tegina. Dajin Birnin Gwari kuwa ya yi shekaru direbobi ba sa shigarsa sai da rakiyar jami'an tsaro. Na san a ƙarshen 2024 gwamnatin Kaduna ta yi sulhu da 'yan bindigar yankin, har aka sake buɗe kasuwar shanun garin, direbobi da dama suka koma bin hanyar. Sai dai ni tsoho mai shekara kusan tamanin zan ɗauka, wanda ko gudun taku goma ba zai iya ba. Mu mutanen kudancin Katsina ba labari ake ba mu ba. Mun ga abin da ya faru a makarantar Ƙanƙara a Disambar 2020, mun ga yadda a 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Funtuwa da Malumfashi da Bakori, mun kuma san gidajen da aka sayar da gona don a fanso mutum. Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, ba za mu bi Birnin Gwari ba."

Ranar bai ci tuwon dare ba. Washegari ya kira ni ya ce, "Ai direba ke da mota. Lokacin da nake riƙe da sitiyari ko mai motar bai isa ya zaɓa mani hanya ba. Bi inda hankalinka ya kwanta." Wallahi maganar nan ta fi faɗa yi mini nauyi.

Hanyar da na tsayar ita ce wannan. Ranar farko daga Matazu zuwa Zariya, tsakaninta da Funtuwa kusan kilomita 80 ne. Zan roƙi arzikin awa ɗaya in leƙa harabar kamfanin Gaskiya, wanda aka kafa a 1945, gidan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a 1939, Abubakar Imam na editanta. Shi ne ya je Ingila a 1943 cikin ayarin 'yan jaridun Afirka ta Yamma, ya dawo ya rubuta littafin Tafiya Mabuɗin Ilmi. Tun da na rasa Kagara, in samu Zariya. Daga nan mu ƙarasa Kaduna mu kwana gidan yayata, wadda ta riga ta fara tanadin abin da Baba zai ci.

Rana ta biyu ita ce nake jin tsoro. Za mu bi titin Kaduna zuwa Abuja, wanda ya yi ƙaurin suna wajen satar mutane, har jama'a suka koma jirgin ƙasa, shi ma aka kai masa hari ranar 28 ga Maris, 2022. Mun yi shawarar mu fita da hantsi, lokacin da motoci suka yi yawa a kan titi, ba sammakon asuba ba. A mararrabar Dikko, kafin Suleja, mu karya dama zuwa Lambata, mu bi Lapai da Agaie mu shiga Bidda. Direbobin da na tambaya a tasha sun ce kada in ƙidaya wannan yanki da kilomita, in ƙidaya shi da haƙuri, domin tankokin mai da tireloli sun saba cinye titin, mota ɗaya in ta faɗi sai a wuni a tsaye. A Bidda za mu kwana, garin Etsu Nupe, garin maƙeran tagulla da masu narka kwalba su yi tsakiya da awarwaro. Inna ta taɓa nuna mini wani faranti na tagulla da Baba ya sayo mata a can suna amarci, har yau yana cikin adakarta.

Rana ta uku daga Bidda zuwa Makwa, inda hanyata za ta sake haɗuwa da ta Baba. Da na ambaci Makwa sai fuskarsa ta washe, ya ce a Unguwar Hausawa yake sauka, gidan wani mai sayar da itace. Na rasa yadda zan gaya masa, amma dole na faɗa: ambaliyar da ta afka wa garin ranar 29 ga Mayu, 2025, wadda ta ci rayuka fiye da 150, unguwar nan tana cikin inda ta fi yi wa ɓarna. Ya yi salati, ya ce to lallai mu tsaya, ko bai samu kowa ba zai yi wa mutanen wurin ta'aziyya. Na rubuta a littafina: Makwa, awa ɗaya. Daga nan sai gadar Jabba, inda dutse ke tsaye a tsakiyar ruwa, inda Baba ya ce duk direban arewa in ya haye sai ya ji a jikinsa ya bar gida. Mu kwana Ilori. Rana ta huɗu da safe, tafiyar da ba ta fi awa ɗaya ba, sai Ogbomosho.

Can kuma wani aikin ne sabo. An yi sabon titi da ke kewaye gari, ba lallai garejin da aka gani a 1984 yana nan ba, bishiyoyin mangwaron ma wataƙila sun zama shaguna. Dabarar da muka yi ita ce mu fara sauka a Sabo, mu kai gaisuwa wurin Sarkin Hausawa, mu nemi a haɗa mu da dattawan ƙungiyar makanikai da tsofaffin direbobi. Bahaushe ya daɗe a ƙasar Yarabawa, Sabon Badun ma tun 1916 aka kafa shi, kuma duk inda ka je ka samu Sabo, ka samu wanda zai riƙe hannunka ya kai ka ƙofar da kake nema. Na ware kwana uku don cigiya.

Dawowa kuwa, in Allah Ya nufa, ba za mu maimaita hanya ba. Za mu gangara Oyo mu shiga Badun, Baba ya ga Sabo inda ya sha lodin goro, sannan mu bi Ife da Akure da Okene mu fito Lakwaja, mahaɗar Kwara da Binuwai. Ina so in ziyarci kaburburan sarakunan arewa da Turawa suka kai can, cikinsu har da Sarkin Kano Alu Babba da ya rasu a 1926, da Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, sarki kuma mawaƙi. Daga nan mu haye gadar Murtala, mu ratsa Abuja, mu wuce gindin dutsen Zuma da ke jikin takardar naira 100, mu kamo hanyar gida. A lissafina tafiyar gaba ɗaya za ta kai kilomita 2,000, motar kuma da kaya za ta sha lita 220 zuwa 250. Tun da aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, wannan lissafi shi ne ke fara karya wa matafiyi gwiwa, don haka kuɗin mai na fara warewa kafin na abinci da masauki.

A bangon littafin na jera dokokin da muka yi wa kanmu. Ba tafiyar dare, duk inda la'asar sakaliya ta same mu nan za mu nemi masauki. Ba za mu bar tanki ya sauka ƙasa da rabi ba. Takardun mota da lasin da inshora da katin ɗan ƙasa na kowa su zauna a jaka ɗaya kusa da direba, saboda shingayen bincike. Safaya biyu, jak, sifanu, fambel, galan na ruwa da na baƙin mai. Layin waya na kamfani biyu daban-daban. Kuɗin bijimi su zauna a banki sai mun isa, a aljihu kuwa 'yan canji kawai. Maganin hawan jinin Baba da na ɗigawa a ido, na wata guda cur. Sai doka ta ƙarshe, wadda na rubuta ina jin ɗaci: ba wuƙa, ba adda, ba ko sandar da ta wuce ta dogarawar Baba. Ban manta da mafarauta 16 da aka kashe a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025 ba, suna kan hanyarsu ta zuwa Kano yin salla. Baƙo a hanya ba ya son abin da zai sa a yi masa mummunar fahimta.

Da na karanta wa Baba dokokin nan sai ya girgiza kai. Ya ce su a zamaninsu dare ne abokin direba, saboda sanyin taya da sanyin inji, in barci ya kama ka sai ka faka a tsakiyar daji ka shimfiɗa tabarma ƙarƙashin mota, abin tsoronka bai wuce maciji ba. Ban ce komai ba. Shi ya ga wata Nijeriya da ni ban gani ba, ni kuma ina zaune cikin wadda idonsa ya daina gani sosai.

Saura Inna. Tun ranar da ta ji maganar ta ce ba da yawunta ba. Ta ce mutum uku daga gida ɗaya a mota ɗaya, miji da 'ya'ya biyu, in wani abu ya faru ita ta kama wa? Ta ce a ba da kuɗin sadaka da niyyar ladan ya kai ga mai shi. Maganarta tana da ƙarfi, ni kaina na kwana ina juya ta. Baba ya ce sadaka sai an nema an rasa, shi kuwa bai nema ba tukuna. Mako biyu ba ta sake tanka zancen ba. Shekaranjiya na shiga cikin gida na iske ta baje ƙuli-ƙuli a faranti yana shan iska, ga dambun nama a wata roba, ga garin kunu an ɗaure a leda. Na ce, "Inna, wannan fa?" Ba ta ko dube ni ba ta ce, "Tsohon nan ba ya iya cin abincin Yarabawa, yaji ya yi masa yawa." Na fita da sauri don kada ta ga idona.

Abu ɗaya ya rage da har yanzu muke ja da Baba, shi ne sallama. A al'adarsa ba a yin doguwar tafiya sai an bi gida-gida an yi bankwana, an nemi yafiya, liman ya yi addu'a bayan sallar asuba, yara su rako mota har bakin gari. Yanzu kuwa a yankinmu mutum ko kasuwa zai je da kuɗin sa a aljihu ba ya faɗa, don ba ka san kunnen da zai kai labari daji ba. Na roƙe shi mu fita shiru. Ya ce shi ba ɓarawo ba ne da zai sulale daga garinsu, kuma wanda zai je neman yafiyar Bayarabe a Ogbomosho bai kamata ya tsallake maƙwabcinsa na Matazu ba. Inda muka tsaya shi ne, zai zaga ya yi sallamarsa, ya nemi yafiyar kowa, amma ba zai faɗi rana ba, ba zai faɗi hanya ba. Ya riga ya fara, jiya gida huɗu ya shiga, jikansa na riƙe da sandarsa.

Don haka ku ma, masu karatu, ku yi mini uzuri, ba zan faɗa muku ranar ba. Abin da zan iya cewa shi ne kafin azumi ne, in Allah Ya kai mu. An yi wa mota juyen mai, an sa sababbin tayoyi biyu, buhunan wake suna jingine a zaure an zuba musu magani. Ban sani ba ko za mu samu mutumin nan da rai, ko za mu samu wanda ya san shi. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan ya sa mu a addu'a, Allah Ya kai mu lafiya, Ya sauke wa tsohon nan nauyin da ya ɗauka, Ya kuma dawo mana da zaman lafiya a hanyoyinmu da garuruwanmu. In mun dawo, da yardar Allah, za ku ji yadda ta kaya.

Wassalam. Naku, daga Matazu.